Da muka ɗora Alcestis a kan dandamali

A zangon da ya wuce na zaɓa wa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibaina Alcestis. Asalinsa na Euripides ne, marubucin wasan kwaikwayo na tsohuwar Girka, an fara nuna shi a Atina ta ƙasar Girka a shekara ta 438 kafin haihuwar Annabi Isa. Mu kuwa wanda mawaƙin Ingila Ted Hughes ya sake rubutawa muka ɗauka, wanda aka buga a 1999, shekara guda bayan rasuwarsa.

Tatsuniyar gajeriya ce. Ajalin Sarki Admetus ya zo, Apollo, ɗaya daga cikin allolin Girkawa, ya samo masa sassauci: zai rayu in wani ya yarda ya mutu a madadinsa. Iyayensa tsofaffi suka ƙi, matarsa Alcestis ta yarda.

'Yan mata sun yi ta rububin fitowa a matsayin Alcestis, sai suka tarar tun wasa bai yi nisa ba take mutuwa, kuma ko da aka dawo da ita a ƙarshe ba ta cewa uffan. Ashe nauyin wasan yana wuyan mijin da ya karɓi sadaukarwar. In ya cika kuka, 'yan kallo su raina shi. In ya dake, su tsane shi.

Inda muka fi shan wuya shi ne cacar baki tsakanin Admetus da mahaifinsa Feres, ga gawa a kwance. Ɗan yana zargin uban da son rai, tsofai-tsofai da shi. Yaron da ke fitowa a matsayin sarkin ya tsaya cak ranar gwaji, ya ce, "Malam, ko a wasa ne, bakina ba zai iya faɗa wa uba wannan ba." Ban tilasta masa ɗaga murya ba. Ya faɗi kalaman a hankali, kansa a sunkuye, sai suka fi zafi. Ranar nuni kuwa, da tsohon ya mayar masa da martani cewa shi ne matsoracin da ya bar mace ta mutu dominsa, tafi ya ɓarke. Dattawan da ke zaune a gaba suka fara.

Hughes ya faɗaɗa ɓangaren Herakles sosai, wato gwarzon Girkawa da ya sauka gidan Admetus a matsayin baƙo, wanda kuma shi ne ke dawo da Alcestis daga mutuwa: baƙon ya bugu a gidan makoki, yana kwaikwayon manyan ayyukansa 12, har Prometheus, wanda a tatsuniyar Girkawa aka ɗaure a jikin dutse don azaba, da ungulun da ke cin hantarsa suna shigowa. Wasu abokan aiki sun ce in cire, wai raha ba ta dace da zaman makoki ba. Na rage tsawonsa kawai. Ba don dariyar nan ba, da ba wanda zai ji kunyar da ta kama Herakles sa'ad da ya gane matar gidan ce ta rasu.

Maganar Sylvia Plath, matar Hughes da ta kashe kanta a 1963, na ɓoye wa ɗaliban sai bayan nuni, don kada su mayar da Admetus ya zama Hughes. Da suka ji, gardamar da suka yi ta fi wasan tsawo.