Ni da Kawu a Leeds, da gardamar harsashi

Tun a cikin jirgin ƙasa daga tashar King's Cross muka fara, kuma har muka dawo Landan da daddare ba mu gama ba. Ni da Kawu ne, ƙanin mahaifiyata, tsohon soja da ya yi shekaru yana rataye da bindigar FN. Gidan tarihin makamai na Royal Armouries da ke Leeds za mu je, tafiyar awa biyu da ɗan wani abu. Muna fita gari na ce masa ni fa abin da zan je gani shi ne mutanen da suka zauna suka ƙirƙiro sabuwar bindiga daga farko, su ne gwanaye, masu gyara tsohuwa don ta ci sabon harsashi faci kawai suke yi. Kawu ya juyo daga taga ya ce, "Ɗana, bindiga ai baiwar harsashi ce, in ya canza dole ta canza, in ta ƙi ta halaka mai riƙe da ita."

Daga tashar Leeds da ƙafa muka bi gefen kogin Aire, iska mai sanyi tana dukanmu, har muka isa ginin a bakin ruwa. A 1996 aka buɗe shi. Kana shiga akwai wata hasumiya da matakala ke zagayawa, bangonta sama da ƙasa takubba ne da masu da sulke da bindigogi an jera su reras, Kawu ya daɗe a tsaye yana ɗaga kai. Sulken giwa na Indiya ma mun gan shi, amma hankalinmu ba a can yake ba.

A gaban wata bindiga mai suna Snider ya riƙe ni. Asalinta Enfield ce ƙirar 1853, irin wadda ake ɗurawa ta baki, a zuba albarushi a tura dalma da sandar ƙarfe, soja in ya ƙware ya yi harbi uku a minti. Da Turawan Ingila suka ga yadda sojojin Prussia ke ɗura tasu ta baya a yaƙinsu da Denmark a 1864 hankalinsu ya tashi, ga rumbu cike da tsofaffin Enfield, ga ba lokacin jiran sabuwa. Sai a 1866 suka karɓi dabarar wani Ba'amurke Jacob Snider, aka yanke bayan bututun aka sa masa murfi mai buɗewa gefe kamar ƙofar akwati, harsashi mai kwanso ya shiga ta nan, harbi ya koma wajen goma a minti da ƙarfen nan dai na da. Kawu ya ce, "To wannan faci ne?" Na ce masa ai ba ta daɗe ba Kawu, 1871 sabuwar bindiga Martini-Henry ta zo ta maye gurbinta. Ya ce shekara biyar ɗin nan da soja ya yi ba a kama shi yana cusa sanda a bakin bindiga ba, rayuka nawa ne a ciki? Gaskiya nan na yi shiru, don murfin nan in ka kalle shi da kyau aikin mai tunani ne.

Inda ya fi kama ni shi ne maganar Lee-Metford. An fito da ita a 1888, sabuwa fil, da magazin, da harsashin .303 (lambar faɗin harsashi ce a ma'aunin inci), amma baƙin albarushi aka yi ta da shi, tsagar cikin bututunta mai murɗa harsashi ba ta da zurfi kuma gefenta a sulɓe yake don kar dattin hayaƙi ya taru. Faransa kuwa tuni ta wuce wurin, Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi a 1884, bindigarsu Lebel ta fito da shi a 1886. Da Ingila ta koma nata mai suna cordite sai zafinsa ya riƙa cinye tsagar nan, harbi dubu kaɗan saiti ya lalace. Ba su taɓa sauran jikin bindigar ba sosai, bututun suka canza, tsaga biyar masu zurfi, a 1895 sunan ya koma Lee-Enfield, kuma ita ce ta yi musu yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, har a 1970 suka sake gyara wasu suka ci harsashi mai faɗin milimita 7.62 don gwanayen harbi daga nesa. Kawu yana faɗa yana nuna min da yatsa ta gilashi, muryarsa har rawa take, wallahi na ga mutumin da ya san abin da ake nufi da bindiga ta ƙi tashi a lokacin da ake buƙatarta.

Da muka zauna hutawa a bene na sama ni ma na fito da tawa hujjar, EM-2. Bayan yaƙin duniya na biyu injiniyoyin Ingila sun yi harsashi matsakaici, .280, wato faɗin wajen milimita 7, suka gina masa bindiga gajera da magazin ɗinta ke bayan kunama, har an amince da ita a 1951. Amurka ta ce harsashin ya yi rauni, Churchill da ya dawo firaministan Ingila a ƙarshen shekarar ya janye maganar don kar kawunan NATO su rabu, aka tsaya a kan 7.62 mai ƙarfi. FN ɗin Beljiyam da Kawu ya riƙe ma an gwada ta da .280 ɗin, daga baya aka mai da ita 7.62. Na ce Kawu kai da bakinka ka ce min in aka sake ta tana harbi a jere bakinta sama yake tashi, shurinta ya fi ƙarfin kafaɗa. Kuma ita Amurkar da ta dage, shekara goma da ɗoriya ta ajiye M14 ta ɗauki M16 mai ƙaramin harsashi 5.56, Rasha ma ta bi da 5.45 a AK-74 a 1974, a 2022 kuma sojan Amurka ya zaɓi 6.8, kusan girman wanda aka ƙi tun farko. Wannan abin yana ci min rai har yau, mutane sun ga gaskiya da wuri aka ce su jira.

Kawu bai musa ba. Ya ce amma ka lura duk labarin da ka ba ni na harsashi ne, ba na bindiga ba. Sai ya ƙara min da M16 ɗin a Vietnam, yadda aka canza irin albarushin da ke cikin kwanso ba tare da an gyara bindigar ta dace da shi ba, ta riƙa saurin wuce kima tana tara datti, kwanso yana maƙalewa a ciki ana tsakiyar faɗa, sai da majalisar Amurka ta yi bincike a 1967 aka shafe cikin ɗakin harsashin da ƙarfen kurom aka raba kayan gogewa. Ya ce waɗanda suka yi wannan gyaran ba wanda ya san sunansu.

Har yanzu ina kan bakata cewa an zalunci EM-2, amma kalmar faci na daina faɗinta tun a gaban Snider ɗin nan. Mun fito ana shirin rufewa, duhu ya fara, muka kama hanyar tasha. A jirgi Kawu ya ciro biro ya zana min tsagar Metford da ta Enfield a bayan tikitinsa, ɗaya a sulɓe ɗaya mai kusurwa, yana cikin bayanin me ya sa biyar suka zaɓa barci ya ɗauke shi wajen Peterborough, tikitin yana wurina.