Godiya bayan na karɓi takardar zama 'yar ƙasar Birtaniya

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, ranar Laraba da ta wuce na yi rantsuwa a zauren ƙaramar hukuma a nan Birmingham, aka damƙa mini takardar shaidar zama 'yar ƙasar Birtaniya. Kiran waya da saƙonnin fatan alheri sun yi yawan da ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na ce bari in yi godiyar a nan.

Hajiya, da ke zan fara. Dokar ƙasar nan ta ce mai neman takardar kada ya wuce kwana 450 a waje cikin shekara 5, a shekarar ƙarshe kuma kada ya wuce kwana 90. Ga kuma aikin jinya da ba ya sakin mutum. Haka aka yi bukukuwa da sunaye da zaman makoki babu ni. Lokacin da kika kwanta ciwon ƙafa, ina ta kuka a waya, ke ce kike rarrashina, kina cewa in zauna in gama abin da ya kawo ni. Yaya, ke kika kwana da ita a asibiti, kika yi wanki, kika yi jigilar abinci, ba ki taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya. Ni da nake jinyar iyayen wasu na san nauyin abin da kika ɗauke mini. Allah Ya saka miki da Aljanna.

Abban yara, na gode. Lokacin jarrabawar Life in the UK ta sanin tarihi da rayuwar ƙasar nan, mai tambaya 24 cikin minti 45, wadda sai ka ci 18 ka haye, kai ne kake riƙe littafin bayan sallar isha'i kana yi mini tishi: yarjejeniyar Magna Carta ta 1215, matan Sarki Henry na takwas su shida, har yara suka haddace suna riga ni amsawa. Kuɗin cike takardu ya haura fam 1,500, kuma ban manta irin tsimin da muka yi kafin ya haɗu ba.

Ana buƙatar mutum biyu su tsaya wa mai nema, waɗanda suka san shi aƙalla shekara 3, kuma ba danginsa ba. Shugabata a wurin aiki da wani dattijo na masallacinmu suka sa mini hannu ba tare da dogon turanci ba. Baba, Allah Ya ƙara girma. Matan unguwa da suka riƙa ɗauko mini yara daga makaranta ranakun da na yi aikin kwana, ba ni da bakin gode muku.

Wasu sun tambaye ni ko na bar Nijeriya ke nan. A'a wallahi. Sashe na 28 na tsarin mulkin 1999 ya bar wa haifaffen ɗan ƙasa damar riƙe wata ƙasar, Birtaniya ma ta yarda da haka. Koren fasfona yana nan, Zariya kuma gida ce har gobe.

Masu jiran amsa daga ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, Allah Ya kawo muku ita da alheri. Wadda take son littafin jarrabawar ta yi mini magana, zan ba ta. Hajiya, in sha Allahu wannan azumin tare za mu yi shi.