Na Sauka Birmingham a Watan da Asusunta Ya Bushe

A Satumba na 2023 na iso Birmingham da iyalina don yin digiri na biyu, a watan ne kuma majalisar birnin ta fito ta ce kuɗinta ba za su kai ta ƙarshen shekara ba. Sanarwar da ta fitar, wadda ake kira sashe na 114, ta haramta kashe ko kwabo a kan sabon aiki, sai abin da doka ta wajabta kamar kula da yara da tsofaffi. Birni na biyu ne fa a girma a Ingila, mutum sama da miliyan ɗaya, wanda a 2022 ya karɓi baƙuncin wasannin ƙasashe renon Ingila. Da na ba yayana labari a waya, dariya ya yi, ya ce, "Kai ƙane, ashe can ma ana wawure kuɗin ƙaramar hukuma?"

Na ce masa, Yaya, wannan bashi ne ya ci su. Shekara da shekaru ana ba ma'aikatan da galibinsu maza ne, irin masu kwasar shara, alawus ɗin da ba a ba mata masu dafa abincin makarantu da masu goge-goge da mataimakan malamai, alhali matakin aikinsu ɗaya. Matan suka kai ƙara, a 2012 Kotun Ƙoli ta buɗe musu hanya. An biya sama da fam biliyan ɗaya, sai ga shi a 2023 an ce sauran zai iya kaiwa fam miliyan 760. Ga sabuwar manhajar lissafi da aka saya ta rikice, ga gwamnatin Landan da tun 2010 take datse kason ƙananan hukumomi.

Shekarar farko duk wannan a jarida nake ganinsa, domin ɗalibi ba ya biyan harajin kansil, wato harajin da ƙaramar hukuma take karɓa a kan gidaje. Jami'a ce ta fara gwada mini yadda lissafin ƙasar yake. Kuɗin makarantar ɗan ƙasa a digiri na farko fam 9,250 ne a shekara, an daskarar da shi tun 2017 duk da tsadar rayuwa, sai a 2025 aka ɗaga shi zuwa 9,535. Jami'a ba ta da ikon ƙara masa sisi, amma mu baƙi babu iyaka a kanmu, ninki biyu ko fiye muke biya. Na duba ajinmu na ga Najeriya, Indiya, Pakistan, Sin, 'yan ƙasa kuwa ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Wato da kuɗin gonar da mahaifin wani ya sayar a gida ake toshe giɓin. Ban ga laifin malamanmu ba, su ma cikin zullumi suke.

Daga nan naira ta faɗi warwas, fam ɗaya ya doshi naira 2,000 a farkon 2024. Wanda ya taho da kuɗin shekara sai ya tarar na zango ɗaya ne a hannunsa, kuma biza ba ta yarda ɗalibi ya wuce awa 20 yana aiki a mako ba lokacin karatu. Uwargida ce ta riƙe gidan da aikin kula da tsofaffi, Allah Ya saka mata. A Janairun shekarar gwamnati ta hana masu irin karatunmu zuwa da iyali, mu da muka riga muka shigo muka tsira da ƙyar. 'Yan Najeriya suka ja baya sosai, jami'o'i da dama suka fara rufe kwasa-kwasai da sallamar ma'aikata. Doka ɗaya aka sa wa hannu a Landan don rage baƙi, zafinta ya sauka a kan jami'a da mai gidan haya da mai shagon unguwa.

Ina gama karatu takardar harajin kansil ta iso. An ƙara kusan kashi 10 cikin 100 a 2024, aka sake ƙara kashi 7.5 a 2025, ana kuma rage hasken fitilun titi don tsimin kuɗi. Ana tsakiyar azumi, ran 11 ga Maris na 2025, masu kwasar shara suka tsunduma yajin aikin sai-baba-ta-gani. Ƙarshen watan, daidai da sallah, aka ce tan 17,000 na bola ne jibge a tituna. Unguwanni irin su Small Heath da Sparkhill, inda gidaje suke manne da juna kuma iyalai suke da yawa, su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Mai mota ya loda tasa ya kai juji, marar mota ya zauna da ɓeraye. Wani maƙwabcinmu ɗan Somaliya mai motar ɗaukar kaya shi ya riƙa taimakon layinmu bayan tarawihi.

Rikicin ma tsohon bashin nan ne ya haife shi. Majalisa ta ce dole ta soke wani matsayi a cikin masu kwasar sharar don kada a sake maka ta a kotu kan bambancin albashi. Ƙungiyarsu ta Unite ta ce wasu za su yi asarar har fam 8,000 a shekara. Na saurari kowane ɓangare, ban iya cewa wani ƙarya yake yi ba.

A masallaci wani dattijo ɗan Ghana ya ankarar da ni cewa ɗan Najeriya da yake zaune bisa ƙa'ida yana da ƙuri'a a nan, saboda muna cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Haka ɗan Kamaru, amma abokina ɗan Maraɗi ba shi da ita, ko da yake haraji ɗaya muke biya. Na yi rajista, na je zaman da kansilan mazaɓarmu yake yi da jama'a, na tambaye shi ina kuɗinmu suke tafiya. Ya ce mafi tsoka yana tafiya ne wajen kula da tsofaffi da naƙasassu da yaran da hukuma ta karɓi riƙonsu, abin da ya rage shi ake raba wa shara da titi da ɗakin karatu.