Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tsutsar da Ta Mayar da Ni Makaranta

A makon jiya na tsaya a ranar da na karɓi takardar kammala bautar ƙasa, na hau motar Kano da jaka ɗaya da ɗan abin da na tara daga alawus ɗin naira 19,800 da ake ba mu duk wata. Shekarar 2016 ce, bazara ta kama. A raina na gama da karatu. Shekara biyar na yi ina karanta aikin gona, kuma Kawu ya riga ya nema mini wuri a shagon maganin feshi na wani abokinsa a cikin birni.

Da na isa gida ban tarar da Baba ba. Inna ta ce tun asuba yake gona, kwana uku ke nan ba ya cin abincin kirki. Na ajiye jaka na bi shi.

Duk wanda ya san garinmu Kadawa ya san yadda take lokacin tumatir: ruwan madatsar Tiga na gudu a cikin kwalbatoci, kwanduna jere bakin titin Zariya, manyan motoci na lodi zuwa Legas. Ranar nan ba haka na gani ba. Ganyen ya bushe kamar an bi shi da wuta, 'ya'yan duk huji, sun ruɓe a jikin uwa. Baba na tsugune a kan kunya. Ya tsinko ganye ɗaya ya miƙo mini.

"Kai da ka yi boko, mece ce wannan? Sau bakwai na yi feshi."

Na ɗaga ganyen ga rana, na ga 'yar tsutsa tana tafiya a tsakanin fatar sama da ta ƙasa. Na san sunanta a littafi, Tuta absoluta, manoma kuwa Sharon suke ce mata. Asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sifaniya a 2006, daga nan ta yi ta bazuwa har ta iso mu. A shekarar nan sai da jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Na kuma gane dalilin da feshi bai yi ba: tana ɓoye cikin ganye inda magani ba ya kai mata, ga saurin hayayyafa, ga saurin sabawa da guba. Amma abin da Baba ke tambaya shi ne me zai yi gobe da safe, ni kuwa ba ni da amsa.

A daren nan na fara tunanin digiri na biyu da gaske. Na san da yawa daga cikinmu suna komawa ne don zaman jiran aiki ya ishe su, kuma ba na ganin laifin kowa. Ni dai da na tuna shagon da ke jirana, sai na ga kaina ina miƙa wa wani dattijo kamar Baba kwalbar da na san ba za ta yi masa aiki ba. Zuciyata ta ƙi.

Da farko hankalina ya tafi waje. Wani abokina ya turo mini bayanin tallafin Chevening na Birtaniya, sai na ga suna neman shekara biyu ta aiki, ga kuɗin jarrabawar Turanci ta IELTS da ya fi ƙarfin aljihuna. Na kai maganar ga tsohon malamina, wanda ya duba aikina na shekarar ƙarshe. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Tsutsar tana Kadawa. Kai ina za ka?" Shi ya nuna mini Samaru, inda cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take, da sashen kare amfanin gona. Ya ce kada in cike fom sai na iya rubuta tambayata a layi biyu. Sati uku na yi ina rubutawa ina yagewa, kullum da yamma ina zaga gonakin maƙwabta da littafi a hannu, ina tambayar wane magani suka fesa, sau nawa, a wane lokaci.

Takardu kuma suka zo da nasu. Sakamakona ya kai, don na fita da daraja ta biyu mai girma. Wasiƙun shaida na malamai ba su ba ni wahala ba. Karɓo kundin makin jarrabawata ne ya sa na yi sawu huɗu zuwa makarantar da na gama, kullum a ce in dawo wani sati, har na fara tsoron za a rufe karɓa.

Mafi nauyi shi ne faɗa wa Baba, mutumin da ya yi asarar noman rani gaba ɗaya, yana jiran babban ɗansa ya fara kawo wani abu gida. Na same shi bayan sallar isha'i, na durƙusa na yi bayani. Ya daɗe bai ce komai ba.

"Shekara nawa?"

"Biyu, Baba, in Allah ya yarda. In ba a yi yajin aiki ba."

"Kawunka fa? Ya riga ya yi wa mutane magana."

"Zan je in ba shi haƙuri da kaina."

Ya tashi ya shiga ɗaki bai amsa ba. Da asuba na ji Inna na kwance tunkiyarta daga turke, tana ce wa ƙanena ya shirya, ranar kasuwa ce.

Yadda ta kaya tsakanina da Kawu, sai mako mai zuwa.