Takardar da ta fi ni iya yi wa mai ciwon baya tambaya

Lokacin da nake furojet ɗina na ƙarshe a fisiyo, wato karatun gashi da motsa jiki na asibiti, malamina ya miƙo min wata takarda mai zanen mutum gaba da baya, wai in yi fotokwafi in dinga ba masu ciwon baya su nuna inda yake musu ciwo. Wallahi raina ta na yi, na ce wannan ai aikin 'yan firamare ne, ashe tun 1949 wani likita mai suna Palmer ya fara aiki da ita.

Kowane ciwo da alamarsa, /// suka, xxx zafi kamar wuta, ooo minjirya, === sagewa. In an gama sai in ɗora wata leda da aka raba jiki gida 45 a kanta, tsarin wani mai bincike Margolis na 1986, in ƙirga gidajen da ciwon ya taɓa.

Wani dattijo manomi ne ya sa na daina raini. Na ce Baba ina ne ke ciwo, ya ce ɗana ai ko'ina ne, na juya tambayar ta kowace fuska amsar ɗaya. Da na ba shi biro sai ya ja layi tun daga ƙugu, ya bi ta ɗuwawu da gefen cinya ya gangara har babban yatsan ƙafa, hanyar jijiyar L5 kenan sak, ɗaya daga jijiyoyin da ke fitowa daga ƙasan ƙashin baya, kamar ya leƙa littafinmu, da ta bayan sha-raɓa ya bi zuwa ƙaramin yatsa da sai in ce jijiyar da ke ƙasa da ita ce, S1.

Na tafka kuskure kuma. Takardun satin farko duk zubar da su na yi don ban lura ba mutane na rikita dama da hagu a zanen gaba, sai na koma cewa su fara dafa wurin a jikinsu kafin su zana. Mata kuwa kunya ba ta barinsu su sa alama tsakanin cinyoyi, alhali sagewar wurin in ta haɗu da matsalar fitsari maganar gaggawa ce, dole na roƙi wata 'yar ajinmu ta dinga zama da su.

Inda muka ja da malamina shi ne tsarin ba da maki na wani mai bincike Ransford na 1976, wanda ke ɗaukar zanen da ya fita daga hoton jikin ko yawan kibiyoyi a matsayin alamar damuwa ko zuzuta ciwo. To tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba fa? Wata Inna da'ira ta zabga har ta fita daga jikin zanen, hannunta na rawa, tana ba ni haƙuri wai ta ɓata min takarda. Na ce ni kam ba zan rubuta ta cikin masu ƙari ba. Ya yi shiru, daga baya ya ce in cire makin, in tsaya kan gidajen 45.