Ametis ya koma sitirin a karo na 4, ba tsaga ko ɗaya

Salamu alaikum 'yan'uwa masu koyon aikin dutse. Alhamdulillahi, yau da asuba aka buɗe tanderu a nan Gusau, duwatsu 7 cikin 9 sun fito ruwan zuma, ba wanda ya dare. Sauran 2 sun koɗe sun zama fari fat, amma su ma lafiyarsu ƙalau. Bayan gashi 3 da suka cinye kusan rabin kilo na ametis (dutsen ado mai launin shunayya), wallahi wannan ya isa a yi murna.

Kun dai san yawancin sitirin (dutsen ado mai launin rawaya) da ke kasuwa ametis ne gasasshe, galibi daga Brazil, kuma ƙarfen da ke cikin kwaz ɗin (ma'adinin da ametis da sitirin duk nau'insa ne) shi ne zafi ke sauya wa hali har shunayya ta koma rawaya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda tazarar ke da ƙunci. Rawayar ba ta kamawa sosai sai an wuce digiri 440 na Salsiyos. A digiri 573 kuma kwaz yana sauya tsarin cikinsa, ya ɗan kumbura farat ɗaya, nan take dutse ya tsage. In an kai wajen 600 sai ya yi hazo kamar an zuba masa nono. Duk aikin yana tsakanin 450 da 550 ne.

Gashi na 1 a murhun gawayi aka yi shi da zugazugi, kuma kada wanda ya maimaita wannan wautar. Gawayin da ake zugawa yana jan ƙarfe ya yi ja, ina ga kwaz? Duka suka farfashe.

Na 2 da na 3 su ne suka fi ciwo, domin a ƙaramin tanderun lantarki aka yi su, agogonsa na nuna 500 daram, amma duwatsun da ke ƙasan gwangwanin yashin da aka binne su a ciki suka fito da tsaga, na sama kuma ko gama koɗewa ba su yi ba. An zargi dutsen, an zargi yashi. Ashe wayar auna zafin tanderun a sama take, iskar ciki take aunawa, alhali gwangwanin na zaune kai tsaye a kan daɓen da wayar wuta ke ƙarƙashinsa. Da aka sayo wayar auna zafi ta daban, wato tamokofil nau'in K, aka cusa ta cikin yashin har ƙasa, sai ga shi gindin gwangwani ya haura 580 a lokacin da agogo ke cewa 500. Wayar da na'urarta sun ci naira 21,000, kuɗin da ya kamata a kashe tun ranar farko.

Ga yadda aka yi na 4. An ɗora gwangwanin a kan gutsattsarin bulo mai jure wuta guda 3, ya tashi daga daɓe da santimita 3. Yashin gulbi ne aka tankaɗe, aka wanke sau 3, aka soya a kasko har ya bushe ƙayau; yashi mai danshi yana tayar da tururi a jikin dutse. Santimita 3 na yashi a ƙasa, duwatsu a jere ba mai taɓa wani, ba mai taɓa bango, sannan wasu santimita 3 a sama. Bakin tamokofil a tsakiyar duwatsun. Zafi kuma a hankali, digiri 60 a kowace awa, wato kusan awa 8 kafin a kai 490. An tsaya a nan awa 2, aka kashe. Ba a taɓa ƙofar ba sai da ciki ya sauko ƙasa da 60. Da hunturun nan, leƙawa ɗaya ta isa ta sa iska mai sanyi ta raba dutse biyu. Kuma a tayar da janareto tun farko, kada a dogara da wutar gari. In ta ɗauke a tsakiyar hawa ta dawo, tanderu zai zabura ya cike gibin da sauri. Fetur ɗin awa 10 ya yi zafi a aljihu, ba ƙarya.

Akwai tsagar da ba ruwanta da tanderu. Wasu duwatsun suna da ƙananan aljihunan ruwa a ciki tun daga rami, zafi na hawa ruwan ya nemi hanya. Kafin gashi a tsoma kowane dutse cikin man gyaɗa mai tsabta a kofin gilashi, a haska shi da tocila ta gefe a ɗaki mai duhu. Man yana ɓoye kaushin bayan dutsen, sai a ga ciki sarai. Duk mai farin gajimare ko layi kamar fuka-fuki a ware shi, ko a yanke wurin da zarto. Daga 16 aka tsira da 9. Sannan a wanke man da sabulu sosai, a shanya kwana 2. Yanka da gogewa kuma da ruwa ake yi, ko yaushe. Mu 'yan Zamfara mun ga abin da ƙurar niƙan dutse ta yi wa yara a Anka da Bukkuyum a 2010. Wancan dalma ce, ƙurar kwaz kuma huhu take ci a hankali.

Farare 2 ɗin nan ba laifin zafi ba ne. Ba kowane ametis ke komawa rawaya ba, ya danganta da ramin da ya fito. A gwada ƙaramin guntu daga kowane buhu kafin a zuba masu kyau.

Masu saye har sun fara tambaya ko shi ne "dutsen 'yan kasuwa" da Turawa ke sawa a akwatin kuɗi, wai yana jawo ciniki, yana korar baƙin ciki, yana gyara ciki. Amsata ɗaya ce: dutsen ado ne, taurinsa 7 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, yana kyau a zoben azurfa, ba ya maganin komai. Sayyidina Umar ma Hajarul Aswad ya ce wa ya san shi dutse ne, ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, balle wanda muka gasa a gwangwanin madara. A kuma faɗa wa mai saye cewa gasasshe ne. Mai ido zai gane ko ba a faɗa ba: na asali rawayarsa a kwance take ko'ina, mai sanyi, wani lokaci da ɗan hayaƙi, gasasshe kuwa yakan yi ja-ja a baki, fari a gindi.

Guda 3 za su koma tanderu a 530 don a ga ko za su kai ruwan goro. Ɗaya kuma yana manne a kan sandar gogewa yanzu, ya wuce abin gogewa mai lamba 600 da mai lamba 1200, amma wani ƙarce siriri ya ƙi fita a kan kumburinsa, kuma garin seriyam da ake fito da sheƙi da shi ƙara bayyana shi yake yi. Da alama sai an koma mai lamba 600 an sake daga can.