Saiwar audugar da ta tarar da daɓe

Bara, wajen ƙarshen Agusta, haushi ya sa na tumɓuke gindin auduga ɗaya a gonarmu ta gado da ke bayan Funtuwa. Irin SAMCOT ne na cibiyar binciken noma ta Samaru, ba na tsintuwa ba. Taki na zuba, feshi na yi har sau uku, amma tsayinta ko gwiwa bai wuce ba. Da na kakkaɓe ƙasar sai na ga uwar saiwar ta nutsa kamar taƙi guda, daga nan ta karkace gefe kamar ƙugiya.

Na kai wa Baffa. Ya jujjuya ta a hannu, ya ce, "Ɗana, ai daɓe ta tarar."

Shekara bakwai ke nan ina ɗauko tarakta ta yi mini haro. Daga sama aikin gwanin sha'awa, ƙasa ta yi laushi kamar garin tuwo. Amma faifan a zurfi ɗaya yake tsayawa kowace shekara, ga nauyin taya a kai, kuma mai tarakta ranar da layi ya zo kanka yake zuwa, ko da ƙasa jagab take. A haka ƙarƙashin ya danƙare. Auduga kuwa zurfi take nema, in ta sami hanya saiwarta kan wuce mita guda.

Ruwa ma daɓen nan yake tararwa. Auduga ba ta saurin rufe ƙasa, sati shidan farko gona a buɗe take. Karan audugar kuma tumɓukewa muke mu ƙone saboda tsutsa, ba abin da ke komawa ya ruɓe. Kunyoyina sun bi gangare, don hakan ya fi wa direba sauƙi. Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya na tsaya a ƙasan gona ina kallon kowane kwari yana kwararar da jan ruwa zuwa rafi. Ƙasata ce ke tafiya, da takin da na saya da tsada. Matan da ke ɗiba a rafin sai sun bar shi ya kwana a randa kafin laka ta kwanta, amma maganin feshin da ya narke a ciki kwana ba ya fid da shi. Irin ruwan gonakin nan ne ke taruwa a madatsar Mairuwa, wadda mutanen Funtuwa ke sha.

Bana na raba gonar biyu. Rabi na bar wa waken suya. Ɗaya rabin na hana tarakta shiga, aka yi huɗa da garmar shanu a gicciye da gangaren, muka riƙa ɗaure kunya bayan 'yan taku, na kuma zuba takin gida. Ciyawa ta ba ni wuya, kuɗin 'yan ƙwadago ya kusa cinye abin da na rage na tarakta. Na so in shimfiɗa karan dawa ya rufe ƙasa, amma wanda shanu suka bari gara ta gama da shi tun kafin ruwan farko.

Ruwa dai ya zauna a kwari, ya daina gudu. Shekaranjiya na kai diga na haƙa tsakiyar gonar don in gani. Daɓen yana nan, sai da na sara sau huɗu kafin ya fashe.